Takalmin keke mai ƙasan kabon: yana ƙara gudu ko ado ne kawai?

Dogo_Kabuga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu taka feda. Shawara nake nema tun kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Shekara biyu ke nan ina hawa da takalmin keke mai ƙasan nailan, mai noti uku, fedata kuma Shimano SPD-SL ce. Duk Asabar mukan je Wudil daga Kano mu dawo, tsakiyar mako kuma in ɗan zaga gari bayan asuba. To ga wana zai dawo daga Ingila ƙarshen wata, ya ce in zaɓi tsaraba, shi rabi ni rabi. Raina ya biya da takalmin nan mai ƙasan kabon, wato wani abu mai tsananin tauri marar nauyi, irin su S-Phyre na Shimano, wanda sabonsa ya haura dala 400. Masu shi suna ce mini duk ƙarfin da ka taka a kan feda yake sauka, ba ya zurarewa. Da gaske ana ganin bambanci a gudu? Abu na biyu, in na yi kamar awa biyu a kan keke sai tafin ƙafata ta hagu ya ɗau zafi kamar na taka garwashi, yatsu biyu su sage. Ko mai taurin zai raba ni da wannan?

SarkinHawa_Jos:
Wa alaikumus salam. Saya kawai, kada ka tsaya wasa. Ranar da na fara sa kabon na miƙe tsaye a kan feda a Hawan Kibo, ji na yi kamar a kan daɓen siminti nake taku. Bayan wata guda na sake zura tsohon nawa, sai na ji shi kamar katifa. Wanda bai ɗanɗana ba shi ne zai ce maka ado ne.

Baba_Raleigh:
Dala ɗari huɗu a ƙafa! Yaro, ni na shekara ashirin ina kai buhun gero kasuwar ƙauye a kan Raleigh, da silifas ɗan Madina nake taka ta, kuma ba a taɓa cin kasuwa babu ni ba. Allah ya shirye ku, 'yan zamani.

Dogo_Kabuga:
Baba, a yi mana afuwa. Ku ƙafafunku na tsohon ƙarfe ne.

Injiniya_Gwarimpa:
Malam Dogo, an gwada wannan maganar a ɗakin bincike, ba a bar ta a bakin 'yan kasuwa ba. A jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka akwai wani farfesa, Rodger Kram, shi da ɗalibansa sun bi ta daki-daki. A 2016 sun ɗora mutane a kan keke, wani zubin da takalmin gudu na kambas a kan feda shimfiɗaɗɗiya, wani zubin da takalmin keke mai tauri a maƙale da feda, suna auna iskar da jiki ke ci a wat 50 da 100 da 150, wato ma'aunin ƙarfin taka feda. Ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Ka lura fa, kambas ne aka kara da takalmin keke. In tsakanin waɗannan biyun ba a samu rata ba, ina ga nailan da kabon? Dalili kuwa a fili yake: sandar feda tana daidai ƙarƙashin tudun tafin ƙafa, wurin da kake dannawa, don haka abin da takalmin zai lanƙwasa ɗan kaɗan ne ƙwarai.

SarkinHawa_Jos:
Injiniya, wat 150 ai tafiyar zuwa sayen burodi ce. Su zo Filato su gwada a kan tudu, mutum yana tsaye yana fizgar keke, mu gani.

Injiniya_Gwarimpa:
Ka yi gaskiya, kuma su ma sun yi wannan tunanin. A 2020 sun sake gwaji a kan gudun fizga, inda mutum zai zuba duk ƙarfinsa cikin 'yan daƙiƙu. Nan kam takalmin keke a maƙale da feda ya bar kambas a baya. Amma da suka zo daga baya suka kara takalman keke da junansu, masu ƙarancin tauri da masu tauri sosai, a gudun fizgar dai, sai aka tashi canjaras. Ma'ana babban tsallen yana tsakanin kambas da takalmin keke, kuma Dogo ya riga ya yi shi tun shekara biyu da suka wuce. Abin da ka ji a Hawan Kibo ban ƙaryata ba, ƙafa tana jin tauri. Agogo ne dai ba ya ji.

Maman_Hanan:
Yaya Dogo, ni ba gudun ne ya dame ni a tambayarka ba, zafin tafin nan ne. Na sha shi. Ƙafarmu mu da muka tashi cikin silifas da yawo ba takalmi a tsakar gida tana da faɗi ta gaba, yatsu a baje, takalman nan kuwa da yawansu tsukakku ne. In ka yi awa biyu cikin zafi ƙafa ta kumbura, takalmin ya matse ƙasusuwan tafi, su kuma su danne jijiyoyin da ke tsakaninsu. Garwashin da kake ji ke nan. Na sayi mai tsada ina murna, ashe tsukakke ne, kuma da yake ba ya ba da kai ko kaɗan sai abin ya ƙaru. Da na koma mai faɗi, mai araha ma, shiru kake ji. Sidi suna da wanda suke kira Mega, Lake ma an san su da masu faɗi, Shimano kuma suna fitar da masu faɗi a wasu samfuransu. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka taka takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, a zana maka, ka auna tsawo da faɗi da milimita, ƙafa biyun duka, ka tura wa yayanka.

Bakanike_Fagge:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: kafin ka kashe ko sisi, kawo takalmin naka in ja maka kilit ɗin baya kamar milimita biyar. Yawancin masu kawo mini kukan zafin tafi, in na juya takalmin sai in tarar an tura kilit can gaba kusa da yatsu. Kuma ka riƙa sassauta maɗauri in rana ta ɗaga. Aikin minti goma ne.

Ɗan_Sabo:
Don Allah a yi haƙuri da sabon shiga, mene ne kilit?

Bakanike_Fagge:
Ɗan abin nan ne da ake ɗaurewa da noti a ƙarƙashin takalmi, shi ke shiga cikin feda ya kama, ƙwas. In za ka cire sai ka murɗa dunduniya waje. Na kekunan kwalta roba ne mai faɗi mai noti uku, na kekunan daji ƙarfe ne ƙarami mai noti biyu. Ka fara koyo a jikin bango, don kowa a nan sai da ya faɗi a tsaye sau ɗaya gaban jama'a.

ƊanYamai:
Mu nan kal muke ce mishi, da bakin Faransa. Ni gaban mai shayi na yi tawa faɗuwar, a hanyar Kollo, har yau in na wuce sai sun tambaye ni lafiyar keke. Game da tambayar Dogo, na taɓa zuwa kallon Tour du Faso a Burkina, na tsaya kusa da mahaya bayan sun sauka. Ba duka ne ke da takalmin ƙarshe ba, wasu nasu ya sha jiki, amma gudun da suke yi cikin wannan rana ba mai kabon ɗin unguwarmu da zai bi ƙurarsu.

Ɗan_Sabo:
Ashe Shimano sun yi basira da suka ƙirƙiro fedar nan.

Injiniya_Gwarimpa:
Gyara kaɗan, ƙanena. Wadda ta yaɗu a duniya kamfanin Look na Faransa ne ya fitar da ita a 1984, daga dabarar maɗaurin da suke yi wa masu zamiya a kan ƙanƙara. Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985, daga nan kowa ya bi. Shimano sun zo da SPD mai noti biyu a 1990.

SarkinHawa_Jos:
To in tauri ba shi da amfani, me ya sa duk ƙwararru kabon suke sawa? Biniam Girmay da ya ci koriyar riga a Tour de France ta 2024, nailan ya sa? Kuma ma ni in zan ba Dogo shawara, S-Works na kamfanin Specialized zai ɗauka, an rubuta taurinsa 15, na Shimano kuwa 12 ne ƙarshensa.

Bahaushen_Leeds:
Yallaɓai Sarki, lambobin nan kowane kamfani da mudunsa yake awo. 12 ɗin Shimano da 15 ɗin Specialized ba a kan sikeli ɗaya suke ba, kamar ka ce tiyar Kano da ta wani gari dole su zo daidai. Lambar tana amfani ne in kana kwatanta takalman kamfani ɗaya. Su kuma ƙwararru, na ɗaya ba da kuɗinsu suke saya ba, na biyu mutumin da ake raba shi da na biyu da faɗin taya, ko ƙwayar zarra aka ce masa zai ƙaru ai zai ɗauka. Ni da kai da muke tsayawa shan kunun aya a hanya fa?

Amma kada a ce na kushe. Ina da mai kabon kuma ina son abina, sai dai ba don gudu ba. Saman takalmin ne ya fi: laushi, ramukan iska, dunduniya ba ta zamewa, ga maɗaurin BOA, irin na murzawa mai jan siririyar waya, guda biyu da zan iya sassautawa ina cikin tafiya ba tare da na tsaya ba. In ka sayi mai tsada yawancin kuɗinka a nan suke, ba a ƙasan ba.

Likitan_Gwiwa:
Abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, ƙasan kabon yakan fi na nailan siranta, wato ƙafarka za ta ƙara kusantar feda. In ka sauya takalmi ka bar sirdi yadda yake, kamar ka ɗaga shi ne da 'yan milimita, wasu sai bayan gwiwa ya fara yi musu ciwo su ɗora wa takalmin laifi. Na biyu, launin kilit. A Shimano rawaya yana barin dunduniya ta yi wasa digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa ba motsi sam. A Look Keo toka-toka 4.5 ne, ja 9, baƙi sifili. Kun ga ja a nan da ja a can kishiyoyi ne, an sha yin kuskure a kai. Takalmi mai tauri ƙwarai haɗe da kilit marar motsi, in an ɗaura shi a karkace, gwiwa ce za ta biya bashin. Malam Dogo, in yatsun nan suna ci gaba da sagewa ko bayan ka sauka daga keke, wannan ba maganar takalmi ba ce kuma, ka je a duba ka.

Dogo_Kabuga:
Likita, da na cire takalmi minti biyar ya wuce. Rawaya nake sawa. Na gode ƙwarai.

SarkinGwanjo:
Ku dai kuna ta maganar sabo. Ni duk takalman da na taɓa hawa da su gwanjo ne, kuma biyu a ciki kabon. Turawa suna saya su ga ya matse su, su sa sau uku su yar, ya faɗo cikin dila. Abin dubawa uku ne: ramukan noti ko zarensu bai cinye ba, ƙasan ko bai tsage ba, sai gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa. Ka kama gaba da dunduniya ka murɗa, in ka ji ƙas-ƙas ajiye shi.

Bakanike_Fagge:
A ƙara da na huɗu: jabu. Wani yaro ya yi odar mai sunan babban kamfani a intanet da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, yana ta fankama. Sati uku farantin notin ya tsinke daga ciki yana tsaye a kan feda, Allah ya kiyaye babu mota a bayansa. Da muka ɓanɓare sai ga roba an manna mata takarda mai zanen kabon. Araha ba ta ado. Gara nailan na gaskiya sau goma.

Malam_Na_Zariya:
Ni tambayata ta daban ce. In Azahar ta riske ku a hanya yaya kuke yi da shi? Na ga wani ya shiga harabar masallaci da irin wannan takalmin yana tafiya kamar agwagwa, tayil ya kwashe shi. Sannan wa zai ajiye dala 400 a ƙofar masallacin bakin hanya ya yi sallah da natsuwa?

Maman_Hanan:
Malam ka sa ni dariya. Maigidana silifas mara nauyi yake cusawa a aljihun bayan riga saboda haka.

ƊanYamai:
Wannan ne ya sa na bar noti uku gaba ɗaya na koma SPD na daji, ko da a keken kwalta. Kal ɗin yana lume cikin ƙasan takalmi, kana tafiya kamar mutum, ka shiga shago, ka tura keke cikin rairayi in kwalta ta yanke. Na roba mai noti uku kuwa, in ka taka tsakuwa da yashi 'yan watanni ya cinye, kuma nan samun sabo sai an aiko. Sai dai in faɗi gaskiya, a nan ne na ga amfanin tauri. Da yake kal ɗin ƙarami ne, in ƙasan takalmi mai laushi ne kana jin shi yana tokarin tafinka wuri ɗaya bayan tafiya mai nisa. Da na samu mai ƙasa mai ƙarfi sai nauyin ya bazu. Ga mai feda mai faɗi irin ta Dogo, ban ce zai ji haka ba.

SarkinHawa_Jos:
Yawwa! Ga shaida daga Nijar. Injiniya, kana ji?

Injiniya_Gwarimpa:
Ina ji, ranka ya daɗe. Jin daɗin ƙafa ya ce, bai ce gudu ba. A kan wannan ba mu da faɗa. Kuma nauyinka ya kai kilo casa'in, ka ce ƙafarka lamba 46 ce, dole ka fi ɗan siririn yaro jin lanƙwasar nailan. Masu cewa kabon ya fi rashin nauyi ma gaskiyarsu, amma abin da za a rage a ƙafa biyun bai kai rabin ledar fiya wata ɗaya ba.

Baba_Raleigh:
Yarinyar nan Ese Ukpeseraye da ta je mana Olamfik a Faris a 2024, ba aron keke ta yi wurin Jamusawa ta shiga tseren cikin fili ba? Wadda ta wakilci ƙasa guda ke nan. Ku kuwa Wudil za ku, kuna neman takalmin sarauta.

Ɗan_Sabo:
Wallahi abin nan ya ba ni takaici lokacin. Ga filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma a ce sai an yi aro. Laifin wa ke nan?

Mai_Unguwa:
Jama'a, a buɗe wa wannan zaren kansa in ana so. Nan maganar takalmin Dogo ake yi.

Bahaushen_Leeds:
To mu koma. Dogo, in ka nace sai kabon, akwai tsaka-tsaki. A jerin Shimano ɗin da kake kallo akwai RC5 da RC7 kafin a kai RC9, wato S-Phyre ɗin, kuma RC7 ƙasansa kabon ne, kuɗinsa bai kama ƙafar na saman ba. Akwai kuma Bont na Ostireliya da ake gasawa a oben a digiri 70 na minti 20, ka sa a ƙafa ya ɗauki siffarta, masu ƙafa mai ƙusumbi suna yabonsa. Ka ce wa yayanka ya sayo inda ake karɓar mayarwa, ya aiko maka hoton shimfiɗar ciki a kan ma'auni kafin ya taso.

Bakanike_Fagge:
Digiri 70? A watan Afrilu ka bar shi cikin but ɗin mota a Kano ka huta da oben. Da wasa nake, kada wani ya gwada, gam ne zai saki. Kuma ku masu BOA, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa ya fara cijewa, a riƙa wanke shi da ruwa da tsohon buroshi. Kamfanin yana ba da madadin maɗaurin da wayarsa kyauta in sun lalace, amma kafin ya iso nan an sha jira, don haka a haɗo maka da na ajiya. Shumeka ba zai iya masa komai ba. Mai igiya ko mai mannewa kuwa ko a Wudil ya tsinke za a gyara.

SarkinGwanjo:
A sayi fari ko mai haske. Baƙi a kan kwaltar bazara tanda ne.

Maman_Hanan:
Fari kuma damina ɗaya ya koma kalar jar ƙasa. Kowanne ka ɗauka da abin da za ka haƙura da shi.

Injiniya_Gwarimpa:
Ni da za a ba ni rabin dala 400 in ƙara gudu a hanyar Wudil, tayoyi masu kyau zan fara saya, don su kam an auna an ga suna rage wat da ake asara a kan kwalta. Ragowar in sayi wando mai soso na kirki.

SarkinHawa_Jos:
Taya ƙaya ɗaya ta gama da ita. Takalmina shekararsa biyar, dunduniyar roba kawai na sauya. Raba kuɗin gida biyar ka gani ko tsada ne.

Dogo_Kabuga:
Salam. Na dawo da rahoto. Na je Fagge ranar Alhamis, an ja kilit baya, an sauke sirdi ɗan kaɗan, yau kuma mun je Wudil. Zafin bai zo ba sai da muka kusa shigowa gari a dawowa, kuma bai kai na da ba, amma yatsun sun ɗan sage. Na zana ƙafa kamar yadda Maman Hanan ta ce, ashe ta hagun ta fi ta dama faɗi da kusan milimita huɗu, ban taɓa sani ba. Yanzu na rasa tsakanin RC7 mai faɗi da in bar takalmin in ce a kawo tayoyi. Amma ba zan ɓoye muku ba, jiya da dare sai da na sake buɗe hoton shuɗin S-Phyre ɗin nan.

Baba_Raleigh:
Ai dama tun farko zuciyarka ta riga ta saya, mu shaidu kawai ka tara.

SarkinGwanjo:
Malam Dogo, in an kawo sabon, tsohon lamba nawa ne? Ina da mai so.

Dogo_Kabuga:
44 ne. Amma ka dakata tukuna, wan nawa bai ma ga saƙon ba.